Tsakanin Mari da Lasisi: Muhawarar Tabar Wiwi a Kaduna

In kana son ka tayar da majalisa a Kawo ko Unguwar Shanu bayan sallar isha'i, ka ce ka ji ana shirin halatta tabar wiwi a Najeriya. Kafin mai shayi ya gama juye kofi, an fara a'uzubillahi. Wani ya ce ƙarshen duniya ne ya zo, wani ya ce makircin Turawa ne, dattijon da ke kan tabarma a gefe ya girgiza kai kurum ya ci gaba da jan carbinsa. Amma ka bari ƙura ta lafa, ka sake kawo zancen ta wata ƙofa. Ka ce, to, yaron gidanku da aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu, a kai shi gidan yari ko a kai shi asibiti? Nan za ka ga murya ta sauka. Wanda ya fi kowa ɗaga hannu ɗazu shi ne zai fara ba da labarin ɗan ƙanwarsa, da yadda aka sha wahala kafin a karɓo shi.

Mutanen nan ba munafunci suke yi ba. Tambaya biyu aka yi musu, suka ba da amsa biyu. Rabin rigimar ma a cikin kalmar take. "Halatta" kalma ce ta malamai, kuma kunnen Bahaushe in ya ji ta, halal yake ji. Alhali majalisar tarayya ba ta da ikon mayar da haram ya zama halal. Iyakarta ta sa hukunci a kan abu ko ta janye hukuncin. Mutumin Kaduna ya fi kowa sanin wannan bambanci. Tun bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da sulhun da gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙulla a 2001, garin nan yana zaune da kotunan shari'a a gefe guda, da wuraren sayar da giya masu lasisi a wani gefen. Ban taɓa jin wani a Tudun Wada ya ce giya ta halatta don gwamnati na karɓar haraji a kanta ba. Sai dai wannan misali wuƙa ce mai baki biyu, domin mai adawa zai ce: ka ga abin da giya ke yi, shi ne kake son a ƙaro mana wani?

Abu uku ake cusawa cikin buhu ɗaya idan ana wannan zance. Akwai ba da izinin noma ganyen don magani da masana'antu. Akwai daina ɗaure mai sha, a bar hukunci a kan dila. Akwai kuma buɗe shaguna, kowane baligi ya shiga ya saya, kamar yadda Kanada ta yi tun Oktoban 2018. Wanda bai raba su ba zai kwana yana musu da wanda ra'ayinsu ɗaya.

Ana yawan cewa sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tare da ma'aikatan jiragen ruwa, su suka yaɗa shan ganyen a ƙasar nan. Ko ma dai wa ya kawo shi, hukuma ba ta yi masa sakwa-sakwa ba. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma, shekara 10 ga wanda aka kama yana sha. An sassauta a 1975, aka sake tsanantawa a 1984, sannan a 1989 aka kafa NDLEA, hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Dokar hukumar ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da kayan maye a hannunsa, ko da yake alƙalai kan yanke ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kuma lamarin ƙwayoyi yana hannun gwamnatin tarayya ne kacokan, don haka 'yan majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall ko sun so ba su da ta cewa.

Bayan fiye da shekara 50 ana wannan fama, me aka samu? Babban binciken da aka yi a 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum wajen miliyan 3. Abin mamaki, ɓangarorin biyu duk da wannan lissafi suke kafa hujja. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha cewa ƙasar da ke da mashaya miliyan 10 ba ta da dalilin buɗe ƙofa. Masu neman sauyi kuma su ce ƙofar da mutum miliyan 10 suka bi ta cikinta, da wane baki za a ce a rufe take?

Bari in fara da masu cewa a'a, tunda su ne suka fi yawa a wannan tsallaken na arewacin kogin Kaduna, yawa kuma mai nisa. Duk wanda ke sauraron shirye-shiryen buga waya a gidajen rediyon garin nan, ko huɗubar Juma'a daga Masallacin Sultan Bello har zuwa ƙananan masallatan Rigasa, ya san haka. Limaman coci ma ba su saɓa musu ba a nan.

Hujjarsu ta farko addini ce, kuma gajeriya ce: abin da ke gusar da hankali haramun ne, hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare. Babu malamin kirki da ya yi jayayya da wannan. Amma akwai wata gaɓa da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. Tun ƙarni na 13 malaman Misira da Sham suka yi ta muhawara a kan hashisha, wato ɗanyen sinadarin ganyen nan. Ibn Taimiyya ya ga a yi wa mai shanta haddi irin na mai shan giya. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, mazhabar da muke bi, ya sa ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali ba tare da irin mayen giya ba, ya ce babu haddi a kanta, sai ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace. Dukansu sun haramta. Inda suka rabu shi ne abin da za a yi wa mashayin. Wannan rabuwa ce har yau muke ciki, ko da ba mu san sunanta ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko taɓa zuciya, domin kusan kowace unguwa tana da nata misalin: yaron da ya tashi da ƙwazo, ya shiga majalisar banza, yau yana yawo a bakin titi yana magana shi kaɗai. A garin nan in an ce "an tsallaka da shi Barnawa", kowa ya gane asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya ake nufi. Masu kare ganyen kan ce sharri ne, ai tsiro ne kamar kowane tsiro, Allah ne ya halicce shi. Zaƙami ma Allah ne ya halicce shi. Wani bincike da aka yi a garuruwan Turai da Brazil, aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, in kuwa mai ƙarfin yake sha kullum, kusan sau biyar. Likitoci na ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma na masu sha kan kamu har ya kasa bari, cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa ɗaya cikin shida. Yawanci dai ba sa haukacewa, gaskiya ne. Amma ka ɗauki ƙaramin kaso na miliyan 10, ka aza shi a kan ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ka ga nauyin. Ga shi kuma abin da ake zuƙa yau ya bambanta da na zamanin kakanni. Akwai Loud da ake shigowa da shi daga waje, akwai Colorado da ake fesa wa sinadarai, wanda sunan wiwi kawai ya ara.

Sai zancen tsaro. Mutumin Badarawa ko Unguwar Mu'azu da 'yan sara-suka suka taɓa tare wa hanya, ko aka ƙwace masa waya da wuƙa a wuya, ba ya buƙatar a karanta masa bincike. Ya ga idanun yaran, ya ji warin da ke tashi daga kangon da suke taruwa. Haka mutanen Birnin Gwari da 'yan bindiga suka hana noma sun ji labarin irin kayan da ake kai wa daji. A nan ina ganin ana yi wa wiwi ƙarin kaya, domin yaran nan ba shi kaɗai suke sha ba: akwai tramol, akwai roci, akwai sholisho, kuma waɗannan ƙwayoyi sun fi shi kusa da zafin kai. Amma wanda aka sara ba ya tambayar wane iri aka sha kafin a sare shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba ta kowa ba ce sai ta kodin. Maganin tarin nan da izinin hukuma ake yin sa, kamfanoni masu rajista ke haɗa shi, doka ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Duk da haka ya malale Arewa, har Majalisar Dattawa ta ji a 2017 cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ya shiga ɗakunan matan aure da makarantun 'yan mata, inda wiwi bai taɓa samun shiga sosai ba saboda warinsa. Sai da BBC ta fitar da rahotonta na ɓoye a ƙarshen Afrilun 2018, sannan gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi cikin kwana ɗaya. To, hukumomin da suka kasa tsare kwalba mai lamba da hatimi, su ne za su tsare gona a tsakiyar daji? Gonakin kuwa an san inda suke: dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu. Daga can ake loda sunƙi-sunƙi a ƙarƙashin kayan abinci a nufo Arewa. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ne ya fi kowa ɗaga murya a kan a ba da izinin noma. Ɗan Arewa yana da dalilin ya yi tambaya: in an ba da lasisi, haraji da aikin yi su tafi can, hayaƙin ya zo nan?

Akeredolu ya je Tailan a Mayun 2019 tare da shugaban NDLEA na lokacin don ganin yadda suke noman ganyen na magani. Shekara uku bayan nan, a Yunin 2022, Tailan ta cire shi daga jerin kayan maye, shaguna dubbai suka tsiro kamar ciyawar damina. A Yunin 2025 ta ja da baya, ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Makarantar da aka je ɗaukar darasi ita kanta ta sake karatu.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. A Kaduna ba kasafai suke fitowa fili ba, don wanda ya ce uffan za a ce shi ma yana taɓawa. Akwai su dai: wasu lauyoyi, wasu ma'aikatan lafiya, ɗalibai a jami'ar KASU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da kuma masu shan kansu. Ɗan dako a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko mai haƙar yashi a bakin kogi zai gaya maka cewa shi don aiki yake sha, yana kashe gajiya, yana buɗe ciki, kuma bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ba na karɓar wannan a matsayin hujjar likita. Ina karɓarsa a matsayin shaida cewa mashaya ba dukansu ne 'yan ta'adda ba.

Zancen kuɗi shi suka fi fara kawowa, shi ne kuma ya fi rauni. Lesotho ta fara ba da lasisi a 2017, Zimbabwe da Malawi suka bi, Maroko, ƙasar Musulmi 'yan Malikiyya kamarmu, ta yi doka a 2021 don magani da masana'antu, har sarkinta ya yi wa manoman ganyen fiye da 4,800 afuwa a Agustan 2024. Gana ta amince da irin da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, wanda ake yin igiya da tufafi da shi. Na ji wani yana cewa wannan zai iya farfaɗo da masaƙun Kakuri. Masaƙun nan rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa da lalacewar noman auduga ne suka kashe su. Ganye ba zai kawo lantarki ba. Batun magani kuwa yana da gindi. Akwai sinadarin CBD, wanda ba ya sa maye, da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. A Disambar 2020 hukumar ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga rukunin da ake ɗauka ba shi da wani amfani a likitance, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya tana cikin 25 ɗin. Ƙudurin ba da izinin noman wiwi da su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha suka kai Majalisar Wakilai ya sha suka a 2023, aka jingine shi. Amma maganin farfaɗiya kwalba ce a kantin asibiti, kamar yadda ake ajiye mofin ga mai ciwon daji. Samar da shi ba ya buƙatar a buɗe wa kowa gona.

Inda maganarsu ta yi nauyi shi ne a kan kamu da ɗauri. Wata maƙwabciyarmu, bazawara mai sayar da ƙosai, ta taɓa buga mini ƙofa da asuba. Ta ce, "Malam, sun tafi da shi jiya da dare." Na ce, "Inna, da me aka same shi?" Ta ce naɗi biyu. Muka wuni a ofishin da aka kai shi. Babu wanda ya yi maganar asibiti, babu wanda ya tambayi yaron tun yaushe yake sha ko wa ke sayar masa. Ciniki aka yi, kamar ana sayen akuya, kuma keken ɗinkinta ne ya biya. Da ba ta da keken, da ya bi sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan. Yaron da ya shiga can da ilimin naɗa ganye yakan fito da ilimin fasa shago. Ɗan mai kuɗin da ke zuƙa Loud cikin mota mai baƙin gilashi a Unguwar Rimi kuwa, ban taɓa jin uwarsa ta sayar da komai ba.

Ra'ayin a daina ɗaure mai sha ba na 'yan iska ba ne. Kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya kira, Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawara tun 2014 a daina ɗaukar shan ƙwaya a matsayin laifin ɗauri, a mai da shi lamarin lafiya, a juya ƙarfin hukuma kan manyan dilloli. Jihar Kaduna ma da ta kafa KADBUSA a zamanin Nasir El-Rufai, hukumar rigakafi da jinyar masu shaye-shaye, ta yarda ke nan cewa sanda kaɗai ba ta isa ba.

Abin da ya faru a Rigasa ya kamata ya tsaya wa kowa a rai, ko wane ɓangare yake. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata guda bayan nan aka fito da wasu 147 daga wani gidan a unguwar. Duniya ta yi Allah wadai, kuma ta yi daidai. Amma da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko rashin ji, suna kuma biyan kuɗi. Uban da ya kai ɗansa gidan mari ya duba ne ya ga hanya uku: gidan yari, asibitin da ya fi ƙarfin aljihunsa, ko mari. Ra'ayin jama'a na gaskiya a nan yake, a ƙafafun da suka taka zuwa Rigasa, fiye da abin da ake faɗa a majalisa. Ba sa son a sayar wa 'ya'yansu ganye a shago. Ba sa kuma son a ɗaure su. So suke a warkar musu da su.

Ni ma a nan na tsaya, ko da yake ƙafata ɗaya tana rawa. Shagon wiwi a Ahmadu Bello Way ban yarda da shi ba, kuma labarin kodin ya sa ba na gaggawar amincewa da lasisin noma. A Amurka masu goyon bayan sakin ganyen sun tashi daga kashi 12 cikin ɗari a 1969 zuwa kashi 70 a 2023, bisa ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup, amma can in yaro ya zauce akwai gadon da za a kwantar da shi. Ɗaure mai naɗi biyu kuwa ban ga wanda ya amfana ba sai mai karɓar kuɗin beli. Rawar ƙafar tawa ita ce wannan: in aka janye ɗauri ba a gina wuraren jinya ba, an saki yaro ne kawai ya koma kango, kuma dila zai koyi rarraba kayansa ƙulli-ƙulli don duk wanda aka kama ya ce na shansa ne. Dole doka ta faɗi adadin da ke raba mai sha da mai sayarwa, dole kuma a sami inda alƙali zai tura mai shan, a Kawo, a Rigasa, a Tudun Wada, ba sai an tsallaka gada ba.

Yaron maƙwabciyar tamu ya yi wata biyu bai taɓa ba bayan an karɓo shi, sannan ya koma. Kwanan baya ta tare ni a bakin kaskonta, ta ce ta ji an ce akwai wani malami a wani ƙauye da ke karɓar irinsu, ko na san nawa ake biya.